Kwanon Jere a Bajekolin Furanni

Tun shekarar 2013 ake yin wani bajekolin furanni da kayan lambu a nan Akra, kuma inda aka saba yin sa shi ne filin wasan yara na Efua Sutherland, kusa da babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa. Daga Nima ko Mamobi ba wata tafiya ba ce, amma da wuya ka ga mutanenmu na zango a wurin, don mun ɗauka sha'anin furanni na masu gidajen bene ne a Cantonments da East Legon. Ni ma wani abokin aikina ne ya ja ni wata Asabar muka je.

Furannin dai ba a magana. Akwai waɗanda ko sunansu ban iya kamawa ba, aka ce daga waje aka kawo irinsu, sai na yi musu kallon Allah ya sa albarka na wuce. Inda na tsaya shi ne rumfunan tsiron ci da na magani. Jama'a, ga zogale nan cikin baƙar leda an rataya masa suna da Turanci, ga ɗoɗɗoya, ga tsauri, watau ciyawar nan da iyayenmu ke dafa wa mai zazzaɓi, ga alobera, har da ayoyo da muke miyar tuwon zafi da shi. Wata mata mai tabarau tana tambayar mai rumfar sau nawa ake ba zogale ruwa a mako. Na yi murmushi, don a gidan da na tashi reshensa ake sarewa a kafa a jikin danga, a manta da shi, bayan damina ɗaya a fara tsinkar ganye.

A rumfar wani dattijo kuwa na ga dashen goro, bai fi kamu biyu ba. Shi ya fi komai tsaya mini a rai. Goron nan shi ya kawo kakanninmu ƙasar nan. Saboda shi fatake suka yi ta takowa daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Gwanja da jakuna, watanni a hanya, kuma bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 suka watsu suka cika zangunan da muke ciki yau. Ba a ɗaurin aure ko suna a cikinmu sai da shi. Amma da na tambayi ɗalibaina ranar Litinin, babu ko ɗaya da ya taɓa ganin bishiyarsa, wani ma ya ce a ƙasa ake tono shi kamar gyaɗa. Dattijon ya ce mini kada in ɓata kuɗina: bishiyar kurmi ce, tana son ruwa da inuwa irin na ƙasar Asante, kuma sai ta shekara shida ko bakwai kafin ta fara 'ya'ya. Na gode masa, don ba kowane ɗan kasuwa ne zai hana kansa ciniki ba.

Can wajen ƙarshen filin akwai masu sayar da tsofaffin kaya, waɗanda ake sa wa a lambu ko a falo don ado. Na ga dutsen guga na gawayi mai ɗan zakara a baki, da fitilar ƙwai, da ƙafar keken ɗinki na Singer an ɗora mata katako ta zama tebur, da wani turmi da ya tsage an cika shi da ƙasa an shuka fure. Sa'an nan ga kwanukan jere, irin masu murfi da zanen fure ja da shuɗi, waɗanda iyayenmu mata ke shiryawa cikin kabad tun daga ƙasa har sama, kowane da tarihinsa: wannan na gara ne, wancan Hajiya ta kawo shi daga Makka. An huda gindin wasu da ƙusa don ruwa ya riƙa fita. Kuɗin da aka sa wa ɗaya zai yi mini cefanen kwana biyu.

Yaron da ke tsaron rumfar ya ji ina magana da abokina, sai ya ce, "Malam, ina wuni?" Ashe ɗan Sabon Zango ne. Na ce, "Samari, ina kuke samo waɗannan?" Ya ce, "Ai Malam, a gidajenku. In tsohuwa ta rasu, 'ya'ya ba sa so, sai su kira masu sayen tsofaffin ƙarafa su auna a kilo. Mu kuma mu bi mu tsince masu kyau." Ban ga laifin yaron ba, sana'a yake yi, kuma ba don shi ba da tuni an narkar da su. Ban ga laifin mai saye ba. Sai dai ina ganin kwanon da uwa ta yi shekara arba'in tana gogewa bai kamata ya bar gida a kan sikeli ba, alhali akwai jika mace da za a iya ajiye wa ko guda ɗaya.

Game da shuka kuma, na san abin da za a ce: ina fili a zango? Gaskiya ne, tsakar gidajenmu duk mun shafe da siminti, inda ya rage an yi ɗakin haya. To amma rabin abin da na gani a bajekolin nan cikin tsohuwar taya da bokitin fenti da buhun shinkafa aka shuka shi. Lokacin da nake kwalejin horon malamai ta Bagabaga a Tamale, an koya mana cewa tsiro ba ya tambayar darajar mazubi, ƙasa mai taki yake so, da rana, da hanyar fitar ruwa. Ruwan alwala kaɗai da ke bin kwata a gida ɗaya ya isa ya rayar da ɗoɗɗoya da tsauri.

Na sayi dashen lalle biyu da tsauri ɗaya. Lalle ɗaya na ba uwargida, wadda ta ce ita dai garinsa ta sani a leda. Sauran na kai makaranta, hedimasta ya ba mu gefen katanga inda rana ke bugawa da safe. Na ce kowane ɗalibi ya zo da gwangwanin tumatir babba da ƙasa cikinsa. Wata yarinya ta zo da irin karan dafi da ta roƙo wajen kakarta mai sayar da wake da shinkafa, ta ce tana so ta ga inda jan launin yake fitowa. Ya tsiro cikin mako guda, yanzu awakin unguwa muke fama da su.