Hanyar Giwa a Lokacin Harawa

Wanda ya bar Zariya ya kama hanyar Funtuwa a watan Nuwamba zai tarar ƙasar ta sake kama. An cire gyaɗa, ana roron wake, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran girbi. A bisa rufin ɗakuna da cikin rassan itatuwa kuwa sai dammunan harawa, an jibge su inda awaki ba za su kai ba. Harawan nan ce ta fito da mu, gama 'ya'yanmu suna kiwon zomaye da ɓerayen Masar a bayan gida, rani kuwa ba ya tausayin dabbar da ke cikin keji.

Da fari mun wuce Samaru, inda Cibiyar Binciken Aikin Gona take. Masanan wurin sun fitar da irin gyaɗa da na wake masu ba da 'ya'ya su kuma bar harawa mai yawa. Gaba kaɗan ga Shika. An kafa gonar dabbobi a can a 1928, a 1976 ta zama cibiyar binciken kiwo ta ƙasa a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Daga nan sai gonaki dama da hagu har Giwa.

A gefen kasuwar Giwa masu harawa suke tsayawa, waɗansu da amalanke, waɗansu da babur wanda kaya suka rufe shi har ba a ganin mai tuƙin. Yawancin masu saye, masu turka raguna ne da shanu. Da muka ce ta zomaye muke nema, wani dattijo ya yi murmushi ya ce, “Malam, zomo ma har da dami?” I, har da dami. Haƙoran zomo ba su daina tsiro muddin ransa, tauna ciyawa ce take rage su. Cikinsa kuma ba ya son zama wofi. Kowace rana yana bukatar tulin busasshiyar ciyawa kamar girman jikinsa. Daga Nuwamba zuwa faɗuwar ruwa wajen wata shida ne, sai mai gida ya yi lissafinsa tun kaka, lokacin da kaya suke da araha. In bazara ta yi, kuɗin da ya sayi dami a yau ba zai saye shi ba.

Zaɓen shi ne babban aiki, a nan muka daɗe. Ba a sayen dami da kallon bayansa. Sai a cusa hannu har tsakiya. In an ji ɗumi ko danshi, a bar shi komai araharsa, gama an ɗaure shi bai gama bushewa ba. A sansana. Harawa mai kyau tana da ƙanshi, launinta kore-kore, ganyenta yana nan. Wadda ta yi baƙi, ko take warin fumfuna, ko take tashin farar ƙura in an girgiza ta, guba ce ga zomo. Sa tana iya ci ya sha da kyar, amma zomo ƙarami ne, ba ya kuma iya amai. Abin da ya shiga cikinsa ya shiga ke nan. Harawar wake kuwa, a tambayi mai ita yaushe aka yi wa gonar feshi na ƙarshe. Wanda ya yi ta kame-kame, a wuce shi.

Harawa tana da ƙarfi ƙwarai, ta dace da uwa mai shayarwa da ƙanana masu girma. Manyan zomaye in ita kaɗai suke ci sai su yi ƙiba fiye da kima, saboda haka muka haɗa da ingiricin kyasuwa. Ɓeran Masar shi kuma busasshiyar ciyawa ba ta isarsa, dole a ba shi ɗanyen ganye kullum, ko da na lambu ne, domin jikinsa ba ya yin bitamin C da kansa.

Mun yi lodi da sassafe, tun raɓa ba ta bushe ba. Wannan dabarar manoman wurin ce, mun kuwa ga amfaninta: da rana ganyen yakan kakkarye ya zube, amfanin harawa kuwa a ganye yake.

Ajiyar manomi a kan rufi ta yi daidai da garken da zai cinye kayan da wuri. Mu masu ɗiba kaɗan-kaɗan har Mayu, inuwa muke bukata, gama rana takan ƙone korenta, ruwan fari kuma yakan zo ba sallama. A gida mun jera duwatsu a rumfa, muka ɗora katako, sa'an nan dammuna, ba su taɓa ƙasa ko bango ba saboda gara. Ba a ƙunshe harawa a leda, sai ta yi gumi ta ruɓe. Buhun algarara ya fi, iska tana ratsa shi. A nisanta ta da murhu da fitila, musamman da hunturu. Kowane mako yara sukan juya dammunan su duba ko ɓeraye sun yi sheƙa, wanda aka fara kawowa kuma shi ake fara kwancewa.