Maɗaukin Sauti Mai Ƙarfi da Abin da Jita ke Biya Dominsa

Jitar lantarki, idan aka zare mata waya, kusan bebiya ce. Ba ta da ƙoƙo irin na garaya ko molo da zai amsa kaɗawar tsirkiya ya kumbura ta, gangar jikinta katako ne tsurarsa. Duk muryar da ake ji daga gare ta tana farawa ne daga wani ɗan abu da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyinta, wanda tsawonsa bai wuce na yatsa ba. Makaɗa na ce masa fikof, ko da yake ba shi da haɗi da motar ɗaukar kaya, a Hausance kuwa maɗaukin sauti ya fi dacewa da shi. Shi ne abu na farko da matashin makaɗi ke tunanin canzawa ranar da ya lura jitarsa ba ta yin gurnanin da yake ji a faifan gwanayensa. Shawarar da yakan samu a kanti da wurin abokai guda ce: ya nemi mafi ƙarfi. Wannan shawara ta taɓa zama daidai, amma an yanke ta ne domin wata matsala ta shekarun 1970 wadda yawancin makaɗan yau ba su da ita.

Maɗaukin sauti abu biyu ne, maganaɗisu da wata waya ta jan ƙarfe, siririya kamar gashin kai, da aka naɗe sau dubbai a kewayensa. Tsirkiyar jita ƙarfe ce, saboda haka idan ta kaɗu kusa da maganaɗisun sai ta haifar da 'yar wutar lantarki a cikin naɗin, wadda ke hawa da sauka daidai da kaɗawar. Ƙa'idar da Michael Faraday ya gano ke nan a 1831, shekara 100 kafin George Beauchamp ya ɗora ta a kan jita a Kalifoniya. Wutar ƙanƙanuwa ce, galibi ba ta kai bolt 1 ba, sai amfilifaya ta karɓe ta ta girmama ta kafin lasifika ta furta. Maɗaukin Fender Stratocaster, wadda ta fito a 1954, naɗi ɗaya gare shi mai zagaye kusan 8,000, turjiyarsa kuma wajen om dubu 6. A 1955 Seth Lover na kamfanin Gibson ya ƙera mai naɗi biyu da ke fuskantar juna a juye, domin su kashe ƙugin da wutar gida ke cusawa cikin sauti. Shi ake kira hambaka, ya hau kan jitar Les Paul a 1957, turjiyarsa tsakanin om dubu 7 da dubu 9. Da ma'aunin yau duka biyun masu sanyin hali ne.

Matsalar ta taso ne daga amfilifaya. Gurnanin da kiɗan rok ya dogara a kansa yana samuwa ne idan an tura wa amfilifaya wutar da ta fi ƙarfin abin da za ta iya girmamawa sumul, sai ta aske kan sautin, asken nan kuwa shi kunne ke ji kamar ƙarajin zaki. Amfilifayar Marshall ta Ingila mai wat 100, wadda ake kira Super Lead, ba ta yarda ta yi wannan sai an murɗa ta kusan ƙarshe, a nan kuwa ƙararta ta isa ta kori mutane daga ɗaki ta kuma taɓa kunnen mai kiɗan. Makaɗin da ke wasa a ƙaramin zaure ya rasa yadda zai yi. A 1972 wani mai gyaran jita a New York, Larry DiMarzio, ya fito da mafita daga ɗaya ɓangaren: tun da amfilifaya ta ƙi yin gurnani da kanta, sai a bugi ƙofarta da ƙarfi. Ya ƙara naɗi har turjiya ta haura om dubu 13, ya maye gurbin maganaɗisun alniko, wato gamin aluminiyom da nikel da kobalt, da na siramik, ya sa wa abin suna Super Distortion. Ya karɓu nan take, Ace Frehley na ƙungiyar Kiss na cikin waɗanda suka yi suna da shi. Daga nan aka shiga tsere. Seymour Duncan ya kawo JB da Invader, duka sama da om dubu 16, DiMarzio kuma ya ƙara da X2N. Sana'ar sayar da maɗaukin canji, wadda a yau take da kamfanoni barkatai, daga nan ta kafu.

Amma kafin tseren ya yi nisa, masu ƙera amfilifaya sun riga sun soma toshe ramin daga nasu gefen. Randall Smith na Mesa/Boogie ya jera matakan girmamawa ɗaya bayan ɗaya tun farkon shekarun 1970. Marshall ta ƙara maɓalli na biyu a 1975, wanda ya ba makaɗi damar samun gurnani ba tare da ya fasa kunnen maƙwabta ba. Feda mai suna Tube Screamer ta kamfanin Ibanez, wadda ake takawa da ƙafa ta tunkuɗa sauti gaba, ta bayyana a ƙarshen shekarun nan. Zuwa 1992, lokacin da Peavey ta fitar da 5150, amfilifaya ɗaya tana ɗauke da gurnanin da ya fi buƙatar kowa. Yau ma ƙaramar na'urar kwaikwayon amfilifaya, ko manhaja a kwamfuta, tana ba da shi a araha. Kiɗa ya canza, amma rawar da ake yi a kantin kayan jita tana nan yadda take.

Da ƙarfin kyauta ne da babu abin cewa. Sai dai kowane allazi da nasa amanu, kuma a nan ana biya ta fuska uku ko huɗu.

Ta farko ita ce kaifin murya. Kowane maɗauki yana da wani tudu a cikin sauti inda yake fi ƙarfafawa, bayan tudun kuma sai ya soma haɗiye abin da ya rage. Naɗin waya tare da doguwar wayar da ke zuwa amfilifaya su ke yanke inda tudun zai tsaya. A maɗaukin Stratocaster yakan faɗa tsakanin kaɗawa 3,000 da 5,000 a daƙiƙa, shi ya sa take da wannan ƙyalli kamar an buga gilashi. Duk zagayen da aka ƙara yana jan tudun ƙasa, a hambaka mai zafi sosai har ya sauko wajen 2,000 ko ƙasa da haka. Sautin ya yi kauri, ya cika tsakiya, amma saman ya tafi. Idan aka kaɗa tsirkiya ɗaya abin na iya yin daɗi ƙwarai. Idan aka kaɗa shida tare sai su cakuɗe, mai sauraro ya kasa rarrabe wannan daga waccan. Abin takaicin shi ne wanda aka haɗiye a maɗauki ba ya dawowa. Murɗa maɓallin kaifi a amfilifaya ba abin da zai ƙaro sai shuu.

Ta biyu ta fi zafi ga wanda ya daɗe yana horar da hannunsa. Amfilifaya kamar mudu take, idan ya cika ya cika, abin da aka ƙara zuba zubewa zai yi. Da maɗauki mai matsakaicin ƙarfi, taɓawa mai laushi takan tsaya ƙasa da bakin mudun ta fito tas, bugu mai ƙarfi kuma ya tumbatsa ya yi gurnani, makaɗi yana yawo tsakanin biyun da yatsunsa kawai. Da maɗauki mai tsananin ƙarfi, taɓawar da bugun duk suna tumbatsa. Jitar ta zama kamar mai shela wanda bai iya raɗa ba. Ga ɗan koyo wannan na iya zama kamar alheri, domin yana ɓoye rashin daidaiton hannu, amma abin da ke ɓoye kuskure shi ne kuma ke ɓoye gwaninta.

Sauran biyun ƙanana ne, ko da yake suna ci wa mutum tuwo a ƙwarya. Maganaɗisu mai ƙarfi da aka matso da shi kusa da tsirkiya yana janta, ya hana ta kaɗawa sakaka, har sautin ya riƙa karkacewa ya mutu da wuri, alhali tsawaita shi aka je nema. Sannan naɗin da ba a tsoma shi cikin kakin zuma ko na kyandir ba yakan riƙa rawa da kansa a gaban lasifika mai ƙara, ya saki wani ihu mai tsini da babu mai so.

Akwai kuma yaudarar lamba. Masu sayarwa sun saba rubuta turjiya a jikin kwali, masu saye kuma sun ɗauka ita ce ma'aunin ƙarfi. Turjiya tana faɗin tsawon waya da kaurinta ne kawai. Waya mafi siranta za ta ba da babbar lamba ko da zagayen bai ƙaru ba, kuma lambar ba ta cewa komai game da maganaɗisu. Kundin DiMarzio da kansa ya isa hujja. Super Distortion, mai om dubu 13 da ɗoriya, an auna ƙarfinsa a milibolt 425. HS-3, wanda Yngwie Malmsteen ya daɗe yana amfani da shi, turjiyarsa ta haura om dubu 20, amma ƙarfinsa bai kai milibolt 100 ba. Wanda ya bi lambar kwali zai koma gida da kishiyar abin da ya fito nema.

Faifan da suka sa matasa neman ƙarfi ma, da yawansu ba da shi aka yi su ba. Jitar da Eddie Van Halen ya harhaɗa da hannunsa, wadda aka ji a faifansa na 1978, tsohon hambakar Gibson ne a cikinta da ya ciro daga wata ES-335 ya tsoma a kaki. Malcolm Young na AC/DC, wanda bugunsa ke kama da faɗuwar guduma, Gretsch yake kaɗawa mai maɗaukin Filter'Tron, ɗaya daga cikin mafi sanyi a jinsin hambaka. Nauyin daga hannunsa yake da kuma Marshall da aka buɗe. Misali mafi kusa da gida shi ne Mdou Moctar, bahagon makaɗin nan na Abzinawa daga jihar Tahoua a Nijar, wanda ya goge a bukukuwan auren Agadas kafin duniya ta san shi. Wutar da ke cikin faifansa na 2021, Afrique Victime, daga Stratocaster mai maɗaukai masu naɗi ɗaya take fitowa. Salon nasa na gudu ne da ƙananan lanƙwasa masu bin juna, irin wanda kowane ɗigo sai an ji shi daban, kuma maɗauki mai haɗiye saman murya zai dama su ya mai da su kunu.

Duk da haka akwai inda mai ƙarfin ke da gaskiya, kuma rashin adalci ne a ƙi faɗa. Tsirkiya ba ta kaɗuwa sosai kusa da gindinta kamar yadda take yi kusa da wuyan jita, don haka maɗaukin gindi yana buƙatar ɗan fifiko kafin ya yi daidai da ɗan'uwansa, kuma kaurin da ƙarin naɗi ke kawowa yana rage tsinin da wurin ke da shi. Jita mai siririyar murya ta asali takan gyaru da shi. Wanda ke da tsohuwar amfilifaya mai hanya ɗaya, irin ta zamanin DiMarzio, har yanzu matsalar 1972 ce a gabansa, maganin 1972 kuma zai yi masa aiki. Haka mai kiɗan metal, wanda ba raɗa yake nema ba, bugu yake so mai kai ɗaya kamar na inji. A wurinsa matsewar nan ita ce manufa.

Masu wannan kiɗa da yawa ma sun bi wata hanya dabam. Kamfanin EMG na Rob Turner ya juya lissafin: naɗi kaɗan, maganaɗisun da ba ya jan tsirkiya sosai, sannan 'yar amfilifaya a cikin maɗaukin kansa mai cin batir na bolt 9. Haka aka samu ƙarfi ba tare da an rasa kaifi ba, ƙugi kuma ya ragu ainun, abin da duk mai kiɗa da wutar janareta zai yaba. EMG 81 ne ke bayan sautin da aka san Metallica da shi tun ƙarshen shekarun 1980. Nasa kuɗin shi ne wata irin shimfiɗaɗɗiyar murya da wasu ke ganin ba ta da rai, sai kuma batir, wanda ke ci gaba da zuƙewa muddin waya na soke a jikin jitar, ko ana kiɗa ko ba a yi.

Kafin makaɗi ya fitar da dala 100 ko fiye, ya kuma miƙa jitarsa ga mai gyara, akwai abubuwa masu araha da suka cancanci gwaji. Kowane maɗauki yana da kusoshi a gefensa na ɗagawa da saukewa, kuma milimita 1 kacal na iya sauya ƙarfi fiye da yadda ake zato. Feda mai tunkuɗa sauti tana ba da bugun da Super Distortion ke bayarwa, da bambanci ɗaya babba: ana iya take ta a kashe idan waƙa ta zo wurin laushi, maɗauki kuwa da zarar an liƙa shi da dalma ya zauna. Idan bayan wannan duka kunne ya ce sai an canza, to a duba maɓallin ƙarar da ke jikin jitar. Fender takan sa mai om dubu 250, Gibson kuma mai dubu 500, kuma hambaka mai zafi da aka ɗaura a kan na 250 zai ƙara dushewa a kan dushewar da ya zo da ita. A kuma tuna da maɗaukan da aka bari a wurinsu, domin idan na gindi ya ninka na wuya ƙarfi, duk lokacin da makaɗi ya sauya daga wannan zuwa wancan a tsakiyar waƙa, jitar za ta yi tsalle ko ta nutse, kuma mai kula da sauti a zauren ne zai fara ɗaga kai.