Kwana 28 kafin ki sayar da dambu

Har yau kwana 28 ɗin nan na Ingila bai daina tsaya mini a rai ba. Mace ta iya dambun nama, ƙawaye suna ta roƙonta ta riƙa yi musu na kuɗi, amma doka ta ce sai ta yi rajista da ƙaramar hukumarta aƙalla kwana 28 kafin ta sayar da ko roba ɗaya. A gida kuwa, wadda ta yanke shawara bayan Isha'i, kafin hantsi ƙamshin suyarta ya kira mata masu saye.

Rajistar kyauta ce, ta intanet ake yin ta. Daga nan jami'in tsafta zai zo har kicin ɗinki, ya buɗe firij, ya duba inda kike wanke hannu, ya ga ko katako ɗaya kike yanka ɗanyen nama da dafaffe. Sai ya ba ki maki daga 0 zuwa 5, kowa kuma yana iya dubawa. Abin da ciwo, a ce wani ne zai koya wa Bahaushiya tsaftar girki. Amma a garin da babu wanda ya san gidanku, makin nan ne ke yi miki shaida.

'Yar'uwa, ki kula da gyada. Tana cikin abubuwa 14 da dole a sanar da mai saye saboda masu yin rashin lafiya idan sun ci su, yajinmu kuma da ƙuli-ƙuli ake haɗa shi. Kada ki sa a taho miki da kilishi a jaka, an hana shigo da nama daga Najeriya. Idan cinikinki ya wuce fam 1,000 a shekarar haraji, wadda ke ƙarewa 5 ga Afrilu, ki yi rajista da hukumar haraji HMRC kafin 5 ga Oktoba. Mai bizar karatu kuwa an hana ta sana'ar kanta gaba ɗaya, ko kitso ne ko lalle.

Wajen jari na fi kewar gida. A Kantin Kwari yaro yana ɗaukar atamfa bisa amana don ubangidansa ya tsaya masa. Nan tarihin bashinki ake bi, wadda ba ta taɓa cin bashi ba ita ce banki ke ɗari-ɗari da ita. Gwamnati tana da rancen fara sana'a har fam 25,000, sai dai da ruwa, shi ya sa yawancinmu muka koma adashe. Duk da haka ina yi wa mutanen Ingila sha'awar abu biyu: ba a ɗauke wuta nama ya lalace, kuma ba wanda zai tsaya miki a ƙofa da rasitin harajin da ba ki san tushensa ba.

Kwana 28 ɗin dai ina ganin sun yi wa talaka mai neman na cefane yawa. In kina da niyyar cinikin Sallah, ki cike takardar tun kafin a ga watan azumi.