Neman Farantin Kaka a Kasuwar Kurmi

Washegarin ƙaramar Sallah muka yi wa kakarmu ɓarna. Baƙi sun cika mata ɗaki, sai ta ce mu buɗe kabad mu ɗauko ƙananan farantan tangaran da take zuba alkaki da dubulan. Guda shida ne, farare tas, bakinsu da ruwan zinari, tsakiyarsu da jajayen furanni. Suna cikin kayan da aka yi mata jere da su lokacin aurenta, fiye da shekara hamsin ke nan. Garin wanke-wanke ɗaya ya suɓuce mana, ya rabu gida uku. Kaka ba ta yi faɗa ba. Tsince gutsattsarin kawai ta yi, ta ƙulle a tsumma. Da ta zage mu ma da ya fi mana sauƙi.

Mu biyu ne muka yi ɓarnar, jikokinta da suka zo hutu daga jami'a. Muka haɗa ɗan barka da Sallar da muka samu, muka roƙi babban ɓarin farantin, muka nufi Kasuwar Kurmi neman irinsa.

A-daidaita-sahu ta sauke mu ta wajen Jakara. Wanda bai taɓa shiga Kurmi ba, ya sani kasuwa ce mai shekaru fiye da 500. An kafa ta a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma a nan ayarin raƙuma da suka ƙetaro Sahara suke sauke hajarsu. Lungunanta matsattsu ne, mutum biyu sai sun kauce wa juna. Muka ratsa masu sirdi da linzami, muka wuce masu turare da masu littattafan addini, ƙamshin kanumfari da na jemammiyar fata suna ta dukan hanci. Duk wanda muka nuna wa ɓarin farantin sai ya tura mu wajen masu sababbin kwanuka. A can kuwa roba ce da silba da tangaran ɗan kwali, ana sayarwa dozin-dozin. Ko ɗaya bai yi kama da na Kaka ba.

Har mun fara sarewa, sai wani mai sayar da ƙwarya ya kwatanta mana rumfar wani dattijo mai tsofaffin kaya. Rumfar ba ta fi kamu shida ba, amma babu abin da babu: tasoshin tagulla, akussa, takubba, duwatsun wuya, anini da kwabo mai huda, da langa-langa da fentinsu ya fara tashi. Can ƙasa, cikin wani kwando, ga farantan tangaran an jera da tsohuwar jarida a tsakaninsu.

Muka gaisa, muka ce, “Baba, irin wannan muke nema.” Ya karɓa, bai ko kalli furannin ba, sai ya kifa shi. Ya ce, “'Ya'yana, ai faranti ta baya ake gane shi.” Sai a lokacin muka lura akwai wani ɗan hatimi kore a bayansa, da sunan ƙasar da aka yi shi: Cekoslobakiya. Shekara da shekaru muna cin alkaki a kan farantin nan, ba mu taɓa juya shi ba.

Wannan suna kaɗai darasin tarihi ne. An kafa Cekoslobakiya a tsakiyar Turai a 1918, ta kuma rabu biyu ranar 1 ga Janairu 1993, aka samu Jamhuriyar Cek da Sulobakiya. Wato farantin Kaka ya fi ƙasar da ta yi shi tsawon rai. Duk farantin da ke ɗauke da wannan suna, ka san a tsakanin shekarun nan biyu aka yi shi. Haka sauran hatimai suke ba da labari. Wata dokar haraji da Amurka ta yi a 1890 ta tilasta a riƙa rubuta sunan ƙasa a jikin kayan da ake shigar mata da su, shi ya sa masana'antu da dama suka fara buga sunan ƙasarsu. Takubba biyu shuɗɗa da aka gitta kuwa alamar masana'antar Meissen ce ta Jamus, wadda aka buɗe a 1710, ita ce ta farko a Turai da ta iya yin tangaran na ainihi.

Kafin nan, sirrin yana hannun mutanen Sin, waɗanda suka fi shekara dubu suna yin sa. Ana haɗa wata farar ƙasa mai suna kawolin da garin wani dutse, a gasa a wutar da ta kai digiri 1,300 ko kusa da haka, har ya daskare kamar gilashi. Ƙasar ta samo sunanta ne daga wani tudu da ke kusa da birnin Jingdezan, cibiyar tangaran ta Sin. Mu ma muna da irinta a Ƙanƙara ta Jihar Katsina. A Ingila kuma, wajen ƙarshen ƙarni na 18, masana'antar Spode ta shahara da haɗa tokar ƙashin shanu a cikin yumɓun, farantin ya fito da sirantaka da ƙarfi.

Baba ya koya mana gwaji uku. Ya ɗaga faranti sama ta inda rana ke shigowa, ya sa yatsunsa a baya, muka ga inuwarsu ta cikinsa. Tangaran na gaske haske yana ratsa shi, na yumɓu da aka shafe da fari kuwa ba ya ratsuwa. Ya ɗora shi a tafin hannu ya ƙyasta da farce, ya yi ƙara siririya kamar ƙararrawa. Ya ƙyasta wani, muka ji “kaf”. Ya ce wannan yana da tsaga ko da ido bai gani ba. Na uku, ya sa muka bi bakin farantin da yatsa a hankali, don yatsa yana jin ɓantarar da ido ya tsallake. Muna ƙara muku ɗaya: fentin wasu tsofaffin faranti yana ɗauke da dalma, mai cutar da jiki. Wanda zanensa ya fara gogewa ko fuskarsa ta yi tsage-tsage, a bar shi a kabad don ado.

Muka tambaye shi inda yake samo su. Ya ce yawanci daga gidaje ne. Tsohuwa ta rasu, a raba gado, magada su ga tarkace ne, dillaliya ta kwaso ta kawo. Muka sake duban kwandon. Ashe kowane faranti a ciki jeren wata amarya ne. A rumfar nan kaɗai za ka ga yadda ɗakin 'yar Hausa ya yi ta sauyawa, daga ƙwarya zuwa tasa, daga tasa zuwa langa da kwalla, sannan tangaran.

Mun zazzage kwandon kaf, ba mu samu ɗan'uwan na Kaka ba. Wanda ya fi kusa da shi ɗan Japan ne, girmansu ɗaya, ruwan zinarin ma haka, sai dai furanninsa sun fi girma. Muka taya, Baba ya ce albarka. Muka ƙara, ya girgiza kai. Da muka gaya masa dalilin zuwanmu, ya yi dariya ya ce, “Na sallama, ku je ku ba tsohuwa haƙuri.” Ya naɗe mana shi da jarida ninki uku. Har muka isa gida, a ƙirji muke rungume da shi.

Kaka ta warware, ta jujjuya, ta ce, “Au, kishiya kuka kawo musu?” Ta goge shi da gefen mayafinta ta ɗora a kan sauran biyar. Da muka nuna mata hatimin bayan nata, muka ce ƙasar ma babu ita yanzu, sai ta riƙe baki. Daga nan labari ya ɓalle. Ta ce mahaifinta ne ya sayo su a kanti da kuɗin gyaɗa. Ta lissafa mana matan da suka yi mata jere da sunayensu, ta faɗi yadda ƙanwar mahaifiyarta ta hana kowa taɓa farantan sai ita. Har aka kira Magariba ba ta gama ba. Babu ko ɗaya cikin labaran nan da muka taɓa ji, don ba mu taɓa tambaya ba.

Idan akwai irin wannan kabad a gidanku, ku nemi izini ku ɗauko faranti ɗaya, da hannu biyu. Ku kifa shi ku karanta abin da ke baya, sannan ku tambayi mai shi yadda aka yi ya zo hannunta. Gutsattsarin namu dai suna nan ƙulle a tsumma cikin wata langa. Kaka ta ce kada wanda ya kuskura ya zubar.