Jirgin da ba shi da inji, da mutanen da suka tsufa a cikinsa

1/ Jama'a, akwai mutanen da suka ƙarar da rayuwarsu suna tuƙa jirgin sama marar inji, don nishaɗi kawai. Gilaida ake ce masa. Kwanan nan abin ya hana ni sakat, bari mu ɗan tattauna.

2/ Ga yadda yake tashi: wani ƙaramin jirgi ko igiyar winci ce ke jan sa sama, sai a sake shi. Daga nan sai dabara. Rana na dumama ƙasa, iska mai zafi ta riƙa hawa, matuƙi ya shiga cikinta yana kewaye. Abin da ungulu ke yi da tsakar rana kenan, ba ta ko kaɗa fiffike.

3/ Gilaida ta zamani, in tana tsayin kilomita 1, za ta iya shafe kilomita 40 kafin ta taɓa ƙasa. A 2003 Klaus Ohlmann ya yi sama da kilomita 3,000 a tashi ɗaya a Ajantina. Babu ɗigon mai fa.

4/ Wanda ya fi burge ni Derek Piggott ne, ɗan Ingila. Shi ne babban mai koyarwa a filin Lasham daga 1953 zuwa 1989, ya rasu a 2019 yana da shekara 96.

5/ Akwai haɗari kam. Otto Lilienthal na Jamus ya yi tashi kusan 2,000, ya faɗo a Agustan 1896, washegari ya cika.

6/ Abin da ke damuna shi ne mu ɗalibai komai sai mun tambaya: nawa zai kawo? Ni ma in na ga ƙananan jiragen kwalejin tuƙi ta Zariya suna shawagi, albashin matuƙi nake fara lissafawa.

7/ Amma a 1983 mai ya ƙare wa wani Boeing 767 a sararin Kanada. Kyaftin Bob Pearson ɗan gilaida ne a lokacin hutunsa, da wannan ƙwarewa ya sauke shi a Gimli, ba wanda ya mutu.

8/ Kuɗin gilaida dai ba ni da shi, ko na hando da ƙyar. Amma ina son in sami abu guda da zan riƙe har tsufa, ko da ba ya biya. Ku fa, wane abu kuke yi don so kawai?