Saura Tunkiya Ɗaya

A ƙauyenmu na ƙasar Ɗambatta gona ta haɗe da gona, babu sauran daji. Ta mahaifinmu kuwa, in aka raba mana mu bakwai, kowa ba zai sami ta cika rumbu ba. Shi ya sa Baba yake cewa boko ita ce gonarmu ta biyu.

A shekarar 2024 yayana ya ɗauki jarrabawar WAEC. Tumaki biyu aka sayar aka biya masa. Ya ci darussa shida, amma Lissafi ya kayar da shi. Karatun likita da yake so a Jami'ar Bayero kuwa sai da kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi, ga kuma makin JAMB. Ranar Baba ko tuwo bai taɓa ba.

Bana ni ne a aji shida. Burina Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Ɗambatta, in koyi yadda ƙaramar gona za ta ciyar da babban gida.

To, 'yan'uwana ɗalibai, da sanyin safiya ake kama fara. Ni dai na daina gudun Lissafi, domin saura tunkiya ɗaya a gidanmu.