Rumbun Kiɗa Na Zamani: Me Za A Zuba A Ciki?

Jama'a, duk wanda ya yi wayo a zamanin garmaho ya ga canje-canje da idonsa. An yi yayin faifai mai allura, sa'an nan kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya zo ya cika kasuwannin Arewa. Bayansa faifan CD ya bayyana a 1982. Yau kuwa masu hali a Abuja sun fara komawa ga wani akwati da ba shi da allura, ba shi da zare, watau rumbun kiɗa. Kwamfuta ce da aka ƙera don aiki ɗaya tak: ta adana dubban waƙoƙi, ta miƙa su ga lasifikokin ɗaki, maigida na zaune yana zaɓen wadda yake so da wayar hannunsa.

A unguwar Gwarimpa akwai wani dattijo, mutumin ƙasar Katsina, wanda ya yi aikin gwamnati a Legas, ya taso tare da ma'aikatarsu bayan da aka mayar da hedkwatar ƙasa Abuja a Disamba 1991. Cikin kayan da ya zo da su har da kwali biyu cike da kaset: ga Alhaji Mamman Shata da kalangu, ga Musa Ɗanƙwairo da kotso, ga Ɗan Maraya Jos da kuntigi, ga Barmani Choge da ƙwarya. Dukansu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu: Ɗanƙwairo a 1991, Shata a 1999, Barmani a 2013, Ɗan Maraya a 2015.

Amma wanda ya fi ji da shi, wani kaset ne maras suna da aka ɗauka da rikoda ranar bikin yayarsa, inda makaɗin ƙauyensu ya wasa mahaifinsu, har ana jin muryar tsohon yana godiya. Babu na biyunsa ko'ina a duniya. Da ya lura zaren ya fara saki, murya tana rawa, sai hankalinsa ya tashi. Ɗan ƙanwarsa, wanda ya san harkar kwamfuta, ya ce masa, "Kawu, ai zamanin kaset ya wuce. Rumbu za ka saya, ka huta."

To, da suka shiga bincike sai dattijon ya tarar da sunaye rututu: Aurender na Koriya ta Kudu, Naim na Ingila, Melco na Japan, Bluesound na Kanada. Akwai na kimanin dala 1,000, akwai wanda ya haura dala 20,000. In aka tuna a 2024 dala ta wuce naira 1,500, to, kuɗin babban cikinsu ya tasar wa naira miliyan 30 ke nan. Mutumin da ke cin fansho ba ya taɓa irin wannan ciniki da garaje.

Abu na farko da ya nemi ya gane shi ne lambobin da masu talla ke fahariya da su. Faifan CD yana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, wanda ya isa ya ɗauki siririn sauti mai kaɗawa har sau 22,000. Kunnen saurayi lafiyayye kuwa a 20,000 yake tsayawa, na dattijo bai ma kai nan ba. Manyan rumbuna suna alfahari da awo sau 96,000 ko 192,000, kuma lalle wannan yana da amfani a ɗakin ɗaukar waƙa. Sai dai abin da rikodar biki ba ta kama ba tun farko, babu na'urar da za ta haifar da shi. Inda ya kamata a kula shi ne yadda ake ajiye waƙar. Tsarin MP3 yana zubar da wani sashe na sauti don ya rage nauyi, shi kuwa FLAC, wanda ya fito a 2001, yana matse waƙa ba tare da ya zubar da kome ba. Ma'ajiya mai terabait ɗaya tana iya cin faifan CD kimanin 2,500 a wannan tsari.

Bugu da ƙari, daɗin da kunne ke ji ba daga rumbu kaɗai yake fitowa ba. Akwai na'urar da ake kira DAC, mai mayar da lambobi su koma sauti, akwai mai ƙara ƙarfinsa, akwai lasifika, akwai kuma ɗakin kansa. Falon da aka shimfiɗe da tayil, kamar galibin gidajen Abuja, yana amsa kuwwa, har zaƙin kalangu ya cuɗe. Darduma da labule masu kauri kan yi gyaran da miliyoyi ba za su yi ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a wannan sha'ani ji ne ya kori gani. Saboda haka dattijon ya ƙudura ba zai biya ko kwabo ba sai ya saurari waƙar da ya sani a kan na'urar.

Abu na biyu shi ne wuta. Tamu mai ƙarfin bolt 230 ce, ta Amurka 120, don haka wanda ya yi aike can bai duba ba, yana iya sayen hayaƙi da kuɗinsa. Ko a 2024, shekarar da aka ƙara wa 'yan rukunin A kuɗin wuta bisa alkawarin awa 20 a rana, babban layin ƙasa ya faɗi sau da dama. Rumbu kuwa kwamfuta ne, in wuta ta ɗauke yana cikin rubutu, ajiya na iya lalacewa. Ashe inbata da sitabilaiza su ne a gaba. Ga kuma zafin Maris da ƙurar hunturu, wadda fanka ke zuƙowa cikin na'ura, shi ya sa marar fanka ya fi dacewa da mu. Sa'an nan wa zai gyara? A Banex da ke Wuse II akwai gwanayen waya da kwamfuta, amma kayan da ba su da wakili a ƙasa, in sun sami matsala, sai an sa su a jirgi.

Abu na uku shi ya warware masa kome. Yaron ya nuna masa Boomplay da Spotify, wanda ya shigo Nijeriya a Fabrairu 2021. Ya sami wasu waƙoƙin Shata a ciki, ya yi murna. Amma wannan haya ce, ba mallaka ba, kuma muryar mahaifinsa ba ta can. Rumbun ma ba ya haɗiye kaset da kansa. Sai an nemi rikoda mai lafiya, an haɗa ta da kwamfuta, an juya kowane ɗaya daga farko har ƙarshe. Kaset mai minti 90, minti 90 zai ci.

Daga ƙarshe matsakaicin rumbu ya saya, ya zuba ragowar kuɗin a wuta da aikin juyawa. Ya kuma yi ajiya biyu, ɗaya a gidansa, ɗaya ya aika wa ƙanwarsa a Katsina, don rigakafi ya fi magani.

Masu karatu, irin waɗannan kwalaye suna nan jibge a ƙarƙashin gadaje daga Sakkwato zuwa Yola, zafi da danshi suna cin su a hankali. Ya kamata gidajen rediyonmu, musamman Rediyon Kaduna, da Gidan Arewa, da Jami'ar Bayero ta Kano, su ƙara himma wajen karɓar irin wannan dukiya daga hannun jama'a, su juye ta tun ana iya ji. Na'ura in ta lalace ana sayen wata, amma zaren da ya ruɓe ya tafi da muryar da ke kansa. Da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya sa mu farga da wuri, amin.